Na Je Neman Teku A Ikko

A yi mini afuwa, wannan karon ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata 'yar tafiya ce na yi wadda ta tsaya mini a rai, na ce bari in sauke muku ita tukuna kafin mu koma inda muka tsaya.

Duk wanda ya yi karatun littattafanmu, tun zamanin da ake karɓo hayarsu a shago a ɓoye a ƙarƙashin hijabi har zuwa yau da ake karanta su a waya, ya san akwai wani shafi da ba ya ɓacewa. Da zarar an ɗaura aure an kai amarya, in dai angon mai hali ne, to jirgi za su hau sai Legas. Washegari da yamma ya ɗauke ta a dalleliyar motarsa sai bakin teku. Ta tuɓe takalmi, iska tana kaɗa mata gyale, ruwa ya taso ta ƙanƙame shi tana ihu, shi kuwa gogan yana ta dariya. Mu marubuta muna son wurin nan saboda yana rage mana aiki, don duk kunyar amarya raƙumin ruwa ɗaya ya isa ya kore ta. Sunan wurin kuwa ɗaya ne kullum: Bar Beach.

Ni dai na taka Bar Beach da ƙafata. A 1993 ne, ina aji biyu a sakandare, aka tura ni hutu wurin Kawuna da ke aikin soja yana zaune a Obalende. Wata Lahadi ya kwashe mu har da 'ya'yansa muka tafi. Tun kafin mu hango ruwan na fara jin wani ruri kamar hadari yana tasowa daga nesa, alhali ga rana tarwai. Yarinyar da iyakar saninta kogin Wudil da madatsar Tiga, yau ga ta gaban ruwan da ba shi da tsallake, ai sai na riƙe rigar Kawu na ƙi saki. Ina iya tuna masu fararen riguna marasa takalmi sun durƙusa a rairayi suna kaɗa ƙararrawa suna addu'arsu, ga masu dawaki, ga masu hoto, ga mai kwakwa yana fasa ta da adda a tafin hannunsa. Mai kuɗi da talaka duk rairayi ɗaya suke takawa. Daga titi muka gangara kawai, babu ƙofa, babu wanda ya tambaye mu ko sisi.

To, a watan Nuwamba na 2024 bikin 'yar Yayana ya kai ni Agege. Ana gobe zan tashi, wata tsohuwar maƙwabciyarmu da muke kira Inna ta aiko jikarta da jarka, wai don Allah in ɗebo mata ruwan teku ta riƙa shafa wa gwiwarta. Maganinsa dai tsakaninta da gwiwarta, ni tawa aika ce, kuma ba a mayar da aiken tsoho. Na cusa jarka a jaka ina cewa a raina wannan ai aikin rabin yini ne.

Da aka watse daga biki na ce wa ɗan Yayana, wanda aka haifa a can, Hausarsa ma har da ɗan gardin Yarabanci, ya kai ni Bar Beach. Sai ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, wane Bar Beach kuma? Ai an daɗe da cike shi." Na ce ya dai kai ni, gani ya kori ji.

Muka hau doguwar gadar nan da Babangida ya buɗe a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, ina leƙen gidajen Makoko a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi ya lulluɓe su. Muka ratsa Ikoyi, muka tsallaka wani rafi da ake kira Five Cowrie Creek, wato rafin wuri biyar, an ce kuɗin fitonsa kenan a zamanin da. Muka shiga Victoria Island muka hau titin da ya bi gaɓar teku, wanda sunan Sardauna yake ɗauke da shi, Ahmadu Bello Way. Yaron ya rage gudu ya nuna mini da hannu ya ce, "Gwaggo, ga Bar Beach ɗinki nan." Na duba, shinge ne da ƙofa da masu gadi, bayansu fili fetal da shimfiɗaɗɗun tituna, can nesa kuma dogayen benaye tsilli-tsilli. Ruwa kam ko ƙyallinsa ban gani ba. Na sauke gilas ko zan ji rurin nan, sai ƙarar manyan motoci.

Yadda abin ya faru yana da asali, kuma ya girmi kakanninmu. Bakin mashigin Legas a da yashi ne ke toshe shi, manyan jirage ba sa iya shiga, sai su tsaya a waje a yi ta jigila da ƙanana. Daga 1908 Turawa suka fara jera katangun duwatsu suna miƙa su cikin teku don hanyar ta zauna a buɗe. Hanyar ta buɗe kuwa, ta nan gyaɗarmu da fatunmu da audugarmu suka riƙa fita bayan dogo ya haɗa Kano da Ikko. Amma shi ruwan wannan gaɓa yana tafe ne da yashi daga yamma zuwa gabas. Da katanga ta tare shi sai yashin ya riƙa taruwa a gefen yamma, gefen gabas kuma, inda Bar Beach yake, ruwa yana kwasa babu mai mayarwa. Shekara da shekaru gwamnati tana zuba yashi teku yana lashewa, har ta kai in ya yi fushi yakan haye titin Ahmadu Bello ya shiga gidaje da ofisoshi. Daga bisani aka kawo shawarar a gina ƙatuwar katanga can cikin ruwa, mai tsawon fiye da kilomita 8, da curin kankare mai nauyin tan 5 kowane ɗaya, a yaso yashi daga ƙasan teku a cike tsakani, a yi sabon birni a kai. Shi ne Eko Atlantic. A 2013 aka yi bikinsa, har tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya zo, a 2022 kuma Amurkar ta aza harsashin sabon ofishin jakadancinta a ciki.

Ni ban ga laifin katanga ba, wanda ruwa ya taɓa ci wa gida shi ya san darajarta. Abin da ya tsaya mini shi ne, an tura teku baya, ƙasar da aka samu kuwa ta zama ta mai iya saye. Wurin shan iskar da kowa ke da haƙƙi a cikinsa, tun daga minista har ɗan dako, an binne shi a ƙarƙashin filayen da ake sayarwa da dala.

Kada kuma ku ɗauka Bar Beach wurin masoya ne kawai. A ranar da Kawu ya kai mu ya nuna mana wani gefe ya ce nan ake kafa turaku a jera ganguna cike da yashi a harbe 'yan fashi a bainar jama'a. A nan aka harbe gawurtaccen ɗan fashin nan Ishola Oyenusi a watan Satumba na 1971, mutane dubbai suna kallo kamar an zo ƙwallo. A 1976 ma, wasu daga cikin sojojin da aka samu da hannu a juyin mulkin da ya ci ran Janar Murtala a nan aka harbe su. Duk wannan yana kwance yanzu a ƙarƙashin kwalta, tare da sawun ƙafata na yarinta.

Jarkar Inna dai tana nan fayau. Yaron ya ce sai dai mu nausa gabas, wajen Lekki, can ne ake zuwa yanzu.

Hanyar Lekki ta bi ne ta inda Maroko take a da. Matasanmu ba su san sunan ba, amma unguwa ce ta talakawa mai mutane wajen 300,000, wadda gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba su kwana 7 su tashi a watan Yuli na 1990, da damina, sannan ta sa katafila ta baje ta. Yau wurin rukunin gidaje ne na alfarma da kantuna masu gilas. Ku lura da wannan, domin duk inda na bi a gaɓar nan labarin ɗaya ne, sai dai shekarar ta bambanta: Kuramo a 2012 bayan ambaliyar da ta ci rayuka, Otodo Gbame ta masunta a 2016 da 2017. A watan Afrilu na 2024 kuwa abin ya hau kan masu kuɗin su ma, aka rushe rumfunan shaƙatawar Landmark don titin gaɓar teku da za a ja daga Legas har Kalaba, kilomita 700, wanda daga titin Ahmadu Bello ɗin nan ya faro. Mun ga aikin da idonmu, kankare fari tas yana miƙe tsakanin gari da ruwa.

Wurin da muka shiga ba zan faɗi sunansa ba. Tun daga kwanar shiga samari suka tare mota, kuɗin ajiye mota daban, kuɗin shiga daban, in kana son kujera da laima wannan ma daban. Abin da aka karɓa a kaina ni kaɗai ya sayi littafina na ɗaya da na biyu har a ba ka canji. A ƙofa aka bincike jakata, aka ce ba a shiga da abinci ko abin sha na waje, jarka ma ba a shiga da ita. Na ce ai babu komai a ciki, ruwan Allah zan ɗiba. Matar ta girgiza kai, doka ce. Aka mayar da jarka mota.

Ciki kam ya haɗu, ba zan ɓoye ba. An share rairayin tas, kiɗa na tashi, 'yan mata suna ta ɗaukar hoto, ga tekun nan dai yadda na san shi, yana tasowa ya yi tozo ya faɗi da ƙarfi ya ja da baya yana kumfa. Na tsaya na daɗe, har idona ya ciko ban san dalili ba. Ina tsaye sai na ji daga bayana an ce, "Hajiya, a hau doki?" da Hausa tsantsa irin ta Sakkwatawa.

Saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, yana jaye da wani jan doki da aka yi wa ado da tsummoki masu launi. Na ce, "Ɗana, ni da doki ai sai a hawan Sallah daga nesa. Daga ina?" Ya faɗa mini ƙauyensu. Na sayo mana lemo muka koma gefe, doki yana tsaye yana korar ƙuda da wutsiya. Ya ce da acaɓa yake yi, shekara uku yana kai ma'aikata ofis a cikin tsibirin, sai aka hana a 2022. Wannan gaskiya ne, a watan Yuni na shekarar gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, har da Eti-Osa wadda ta ƙunshi Ikoyi da Victoria Island da Lekki. Babur ɗinsa aka kama, bai sake ganinsa ba. Wani ɗan garinsu ya haɗa shi da mai dokin, kullum akwai abin da zai kai masa, akwai na masu wurin, akwai na dusa da harawa, abin da ya saura nasa ne. Ranar Asabar da Lahadi a samu, sauran kwanaki sai dai a yi ta kallon ruwa.

Na tambaye shi ina yake kwana. Ya nuna mini wani kango can bayan shinge, inda wani ɗan'uwansa ke gadi, su goma sha ne a ciki. Ranar da mai kango ya tashi ƙarasa gininsa sai su nemi wani. Na ce to me ya hana shi komawa gida ya yi noma? Ya yi shiru yana shafa wuyan dokin, sannan ya ce, "Hajiya, gonarmu tana bakin daji." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara tambaya ba, kowa ya san abin da ke dajin yanzu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce shekararsa biyu a bakin ruwan nan bai taɓa shiga ya wuce idon sawu ba. Ya ga yadda yake jan mutane, ana wasa ana dariya sai a nemi mutum a rasa, sai bayan kwana biyu ya amayo shi can wani wuri. Ya ce da daddare in kiɗa ya mutu kowa ya watse, shi ne yake jin muryar ruwan sosai, ta hana shi barci.

Da na waiwaya da kyau sai na ga ai mu ne cike da wurin. Mai tsire namu ne, mai gadin ƙofa namu ne, mai shayin bakin titi, mai gyaran takalmi, masu tura ruwa a kura, masu haƙar tushen benayen da ake ta ginawa. Haka abin yake har can Ibeju, inda matatar man Dangote take, wadda aka ƙaddamar a 2023, aka gina ta don tace ganga 650,000 a rana. Bakano ne ya kafa mafi girman abin da ke gaɓar nan, 'yan'uwansa kuma su ne ke kwana a kangayenta. Bahaushe ba baƙo ba ne a Ikko, tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa, fataken goro kuma suka raya Agege. Amma a littattafanmu, in an zo shafin bakin teku, Bahaushen da ke ciki shi ne mai dalleliyar mota. Wanda ke riƙe da linzami yayin da amarya take bisa doki tana ihu, ba shi da ko suna. Na rubuta maganganun yaron nan a bayan katin biki kafin su tsere mini, kuma za ku haɗu da irinsa nan gaba in Allah ya yarda.

Da muka koma gida ɗan Yayana ya ce akwai Tarkwa Bay, wani lungu da katangun Turawan nan suka kare shi daga manyan raƙuman ruwa, kusa da hasumiyar fitilar jirage da aka gina a 1891, sai dai ba a zuwa sai ta kwale-kwale. Can ma a Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna wurin da sunan maganin masu fasa bututun mai. Matar Yaya tana jin an ambaci kwale-kwale a hanyar manyan jirage ta ce ba da ɗanta ba. Aka bar maganar.

Yaya ne da kansa ya ce in shirya jibi ya kai ni Badagry, can yamma kusa da iyakar Benin. Tafiyar ta ci mana safiya guda, ga cunkoso ga shingayen bincike. Garin tsoho ne, shiru, ba ruwansa da hayaniyar Lekki. Aka nuna mana benen 'yan mishan na 1845 da ake cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Na yi murmushi kawai, don ban san me za a kira sorayen Kano da suka girme shi ba, amma baƙo ba ya gardama a garin mutane. Daga nan garin ne Bature Clapperton ya kama hanya a Disambar 1825, ya bi ta Kano ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello, can ya rasu a 1827.

Sai aka shigar da mu gidan Seriki Williams Abass, wanda shi kansa bawa ne aka kai Birazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Serikin nan kuwa sarkinmu ne na Hausa Yarabawa suka ara. Ɗakunan ajiyar bayin ƙanana ne, tagar ba ta fi tafin hannu biyu ba. Na ɗaga wata sarƙar wuya da aka ajiye don baƙi, hannu biyu na sa kafin ta tashi.

Daga nan sai fito zuwa tsibirin Gberefu. Kwale-kwale ne dai, amma na 'yan mintoci, kuma mun yi shawara da Yaya ba za a kai labarin gida ba. Muka taka wata doguwar hanyar rairayi tsakanin itatuwan kwakwa, rana tana dukanmu. A tsakiya akwai wata rijiya da masu zagayawa da baƙi ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Ina tafe ina tunanin su waye suka bi hanyar nan. Ba 'yan kurmi kaɗai ba ne. A shekarun yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 an gangaro da Hausawa masu yawa zuwa tashoshin wannan gaɓa, Ikko da Badagry da Wida, aka loda su zuwa Bahia ta Birazil. A 1807 Hausawan can suka shirya tawaye, a 1835 kuma, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador, yawancinsu Yarabawa da Hausawa a cikinsu, aka samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wurin da kakanninmu suke ciniki da shi a kasuwar Kurmi ma, da yawansa ta wannan ruwan jiragen Turawa suka kawo shi, kuma da shi ake sayen mutanen.

Muna fita daga cikin itatuwan sai ga teku a buɗe, babu shinge, babu kiɗa, babu laima. Rairayi ya miƙe hagu da dama iyakar ganin ido, sai wasu masunta can nesa suna jan taru suna waƙa. Yaya ya zauna a gindin kwakwa ya ce shi daga nan ma ya gode. Na tuɓe takalmi na naɗe zane, na karɓi jarka. Wani dattijo cikin masu fiton ya ce in jira babba ya fashe tukuna, in bi bayansa in ɗiba in juyo da sauri, kada kuma in ba ruwa baya ina tsaye. Haka na yi. Na farko ya cika mini rabi, na biyu ya cika ta har ya jiƙa ni zuwa ƙugu, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafata kamar ana janye tabarma.

Jarkar ta sha tambaya a hanyar dawowa, kusan duk shingen da aka buɗe but sai an shinshina ta, don hanyar ta masu fasa-ƙwaurin fetur ce. A tashar motar Kano ma sai da yaran mota suka sa na ƙara ɗaure bakin da leda.

Inna ta karɓa da hannu biyu tana ta sa albarka. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce lallai shi ne. Kafin magariba labari ya zaga layinmu, tsofaffi suna ta aiko yara da 'yan kwalabe. Da jikarta ta zo zubar da yashin da ya kwanta a gindin jarkar, Inna ta daka mata tsawa, ta sa aka juye shi a murfin kwano aka shanya mata a kan katanga.